Tambayoyin da ake yawan yi min kan sauya batirin karaban da motar gida zuwa litiyam

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na cire batiran ruwa guda biyu daga motar gidana na saka litiyam ban huta da tambaya ba, wani ya tare ni a bakin masallaci bayan Juma'a, wani ya kira ni ƙarfe goma na dare wai yana gaban kwamfuta yaga batir an yi ragi ya danna ko kar ya danna. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya shi yasa na zauna na tara su a nan. Ina zaune ne a yankin Yokshaya a Ingila, motata Fiat Ducato ce ta hannu da aka mayar da bayanta ɗaki, kuma ni ba injiniya bane, mai mota ne kawai da ya kashe kuɗinsa ya kuma sha wuya kafin ya gane kan abin. Duk abin da ya shafi wutar 230V a kira mai takardar aikin, kar ace ni na ce.

Wai menene ma karaban, kuma wane batir ake nufi?

Dan waɗanda ke gida basu saba gani ba: karaban ɗaki ne mai taya da ake ja da mota, akwai gado da kicin da bayi a ciki. Motar gida kuma ita ɗakin da injin duk a jiki ɗaya suke. Turawan nan da su suke yawon hutu, su yada zango a Lake District ko Weils ko can arewacin Sikotilan. Batirin da muke magana ba na tada inji bane, na ɗaki ne, shi ke ba fitila wuta da famfon ruwa da firji da fankar hita da cajin waya. Na tada inji aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya huta, na ɗaki kuwa a hankali ake tatsarsa dare da rana. In ka san batirin inbata na gida toh ka san shi, ɗan uwansa ne.

Me litiyam ya fi batirin ruwa da shi da har ake ta wannan surutu?

Abu na farko da ba a faɗa maka a shago shine batirin ruwa mai 110Ah (Ah shine ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) ba 110 zaka ci ba. In kana so ya yi kwana rabi kawai zaka taɓa, wato wajen 55, in ka saba tatse shi ƙarƙaf baya shekara biyu zai fara yi maka ƙarya, ka caja ya nuna ya cika awa ɗaya ya faɗi. Litiyam mai 100Ah zaka ci 90 cikin kwanciyar hankali. Kaga kenan nawa guda biyu masu 110 ɗin nan, da sunan 220, a zahiri 110 suke bani, kuma nauyinsu a haɗe ya haura kilo 50. Guda ɗaya mai 200Ah da na saka bai kai kilo 25 ba kuma yana bani wajen 180.

Sai yawan zagaye, wato sau nawa zaka cika ka juye kafin ya gaji. Na ruwa 'yan ɗaruruwa ne, litiyam irin na LiFePO4, wanda ake sawa a karaban, masu ƙerawa suna rubuta 3000 zuwa sama. Ni dai ban kai can ba balle na ba da shaida, amma ko rabin haka ya yi ai ya fi shekarun da zan yi da motar.

Amma abin da ya fi burge ni ba waɗannan bane, saurin shan caji ne. Batirin ruwa in ya kai kashi 80 sai ya fara yanga, sauran kashi 20 ɗin sai ya ja awanni yana kurɓa kamar mai shan koko da zafi. Litiyam duk abin da ka bashi haɗiyewa yake har ya kusa cika. Kuma wutarsa bata raguwa a hankali, fitila bata dushewa, famfo baya canja murya da daddare.

Ba shine yake kamawa da wuta ba? Hajiya tace bata yarda a sa shi ƙarƙashin gadon yara ba.

Hajiya tana da gaskiyarta dan ana ganin labarin gobarar kekunan lantarki a Landan, sai dai litiyam kala-kala ne. Na waya da na keke yawancinsu irin masu kobalt ko nikel ne, sun fi tara wuta a ƙaramin jiki amma sun fi saurin fushi. Na karaban LiFePO4 ne, ƙarfe da fosfet, yana jure zafi sosai kafin ya birkice kuma baya saurin ciyar da wuta da kansa. Ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas ne ya fito da shi wajen 1996 zuwa 1997, tsohon da ya samu kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Shi kuwa na ruwa tun 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, kaga ai ya yi ƙoƙari.

Abin da ke tada gobara a motocin nan galibi ba batirin bane, waya ce siririya da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, ko kan batir da ba a ɗaure tamau ba yana zafi, ko babu fiyus. Ki faɗa wa Alhaji ya nuna miki fiyus ɗin Hajiya, in bai iya nuna miki ba toh ki ci gaba da ƙin yarda.

Wani abin kuma, na ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji shi yasa ake masa akwati mai hanyar iska zuwa waje. Litiyam in yana aiki lafiya baya fitar da komai, ana iya sa shi a cikin ɗaki ƙarƙashin kujera. Wuri ɗaya ne haramun: akwatin tukunyar gas. Ko waya kar ta bi ta can.

A talla sun ce cire tsoho kawai zaka yi ka jona sabo. Haka ne?

Nan ne fa gizo ke saƙar. Girman akwatin ɗaya ne, kawunan ma ɗaya ne, zai shiga ramin tsohon lafiya lau kuma fitila zata kama, shi yasa suke faɗin haka. Amma batirin shine ƙaramin ɓangaren aikin. Hanya uku wuta ke shiga batirin ɗaki: cajar da ke aiki in ka jona wutar zango, injin mota in kana tafiya, da sola. Duk ukun an gina su ne da halin batirin ruwa a rai. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kowacce ko ta san litiyam. Wanda ya sayi batir kafin ya duba waɗannan ukun ya sayi doki ne bai tanadi linzami ba.

Toh cajar da ta zo da motar fa?

Ka buɗe inda take ka karanta sunanta. A motocin Ingila irin su Swift zaka tarar da Sargent, na Jamus irin Hymer yawanci Schaudt ne, na Italiya CBE ko Nordelettronica. Sababbin da yawa suna da maɓalli ko saitin litiyam, ka juya shikenan. Tsofaffin ne sai an duba.

Litiyam mai 12V ƙwayoyi huɗu ne a jere kowacce 3.2V, jimla 12.8V. Yana son a kai shi 14.2 zuwa 14.4V ya cika sannan a sake shi ko a riƙe shi wajen 13.5V. Tsohuwar caja da ke tsayawa a 13.8V ba zata kashe shi ba, sai dai a hankali zata cika shi kuma ƙwayoyin ba zasu riƙa samun damar daidaita kansu ba dan a can sama BMS, mai gadin da ke cikin batirin, ke wannan aikin. Wadda ake gudu ita ce mai saitin wanke batirin ruwa, wadda kan harba wuta sama da 15V lokaci-lokaci, wannan in ba a iya kashe saitin ba a cire ta. Sannan ka tuna ƙaramar caja da ta saba batirin ruwa yana sassauta mata bayan ɗan lokaci, yanzu zata yi awanni tana aiki iya ƙarfinta, ka taɓa ta ka ji ko tana zafi fiye da kima.

Menene BMS ɗin nan da kowa ke ambata?

Ɗan allon lantarki ne a cikin akwatin batirin, mai gadi kenan. In caji ya yi yawa ya yanke, in an tatse ya kusa ƙarewa ya yanke, in an ja wuta fiye da ƙarfinsa ko sanyi ya yi yawa ya yanke. Lambar da zaka nema a takardar batir ita ce am (A, ma'aunin wutar da ake ja) nawa yake iya bayarwa a jere ba tsayawa, da yawa masu 100Ah iyakarsu 100A ne, wasu 150 ko 200. Kuma fa yankewarsa ba sallama, ba kamar na ruwa da zai yi ta dushewa yana maka gargaɗi ba, kana cikin alwala famfo zai tsaya ɗif duhu ya rufe, sai ka rantse NEPA ta biyo ka Ingila.

Mai gadi ne na ranar tsautsayi, ba a mayar da shi makunnin kullum. In kullum sai BMS ya yanke caji toh saitin cajarka ne ba daidai ba.

Injin mota zai caja shi in ina tafiya?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci kuma ita ce ta ci min kuɗi. Tsofaffin motoci rile, wato makunnin da wuta ke kunna shi da kanta, shine kawai ke haɗa batirin inji da na ɗaki in an tada mota. Da batirin ruwa ba matsala dan shi da kansa yake rage abin da yake sha. Litiyam da ya yi ƙasa kuwa ba ya da kunya, zai ja duk abin da altaneta zata iya bayarwa, in wayar mai kauri ce altaneta ta yi ta zafi musamman in mota na tsaye inji na juyawa a hankali ba iskar da zata sanyaya ta, in wayar siririya ce ita ce zata yi zafin ko fiyus ya yi ta ƙonewa.

Akwai kuma rile mai jin ƙarfin wuta, wanda ke haɗawa in ya ji wajen 13.3V ya saki in ta sauka ƙasa da 12.8V. Toh litiyam da ya cika yana hutawa ne a 13.3 zuwa 13.4V, sai rile ɗin ya ɗauka har yanzu inji na aiki ya ƙi saki, batirin ɗaki ya kwana yana ciyar da na inji.

Sai sababbin motoci masu Euro 6, ƙa'idar Turai ta rage hayaƙi, wato yawancin waɗanda aka yi rajista daga wajen 2016 zuwa yau, da yawansu altanetarsu kwamfuta ce ke juya ta dan a rage shan mai. Kana gudu a babbar hanya sai ta sauke wuta zuwa 12 da ɗoriya, ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki ta harba kusan 15V. Da irin wannan rile ba zai taɓa cika maka batir ba. Ni haka na yi tafiyar awa huɗu daga Lids zuwa Edinbara ina murna zan isa da batir cike, na duba waya naga abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Wani gareji ne ya haɗa min a haka yace ba komai ai duk batir batir ne, ban kama suna ba, kuɗina dai sun tafi.

Maganin waɗannan matsalolin cajin inji guda uku ɗaya ne: caja DC-DC, wasu na ce mata B2B. Tana zama tsakanin batirin inji da na ɗaki, ta karɓi duk abin da altaneta ta bayar ta gyara shi zuwa abin da litiyam ke so, kuma ta ƙayyade am ɗin da za a ja. Victron na Holan suna da Orion mai 30A da mai 50A, akwai Sterling, Votronic, Renogy. Nawa mai 30A ne, wato tafiyar Edinbara ɗin nan yanzu tana zuba min wajen 120Ah. In an saka ta dole a kashe tsohuwar hanyar rile ɗin, in ba haka ba wuta zata zagaye ta ta baya kamar ba a saka ba, kuma a nan ne masu haɗawa da kansu suka fi yin kuskure dan rile ɗin sau da yawa a cikin akwatin Sargent ko Schaudt yake a ɓoye. Tana zafi sosai, kar a cusa ta cikin bargo da kayan sanyi.

Ni karaban gareni ba motar gida ba, duk wannan ya shafe ni?

Da sauƙi a wani wajen. Wutar da ke zuwa daga mota ta soket mai ƙafa 13 tana bin doguwar waya siririya, kafin ta iso baya ta raunana, ga firji na cin nasa a hanya, dan haka dama can ba wani cajin kirki kake samu a tafiya ba. In kana so ka samu sai ƙaramar DC-DC a cikin karaban kusa da batir, wadda bata fi ƙarfin wayar motar ba.

Abin da zaka duba da kyau shine injin da ke tura karaban da rimot, wanda ake dannawa ya shigar da ita lungu ba tare da mota ba. Yana jan wuta da yawa lokacin tashi ko a kan tudu ko ciyawa mai laima, balle mai taya huɗu. In BMS ɗinka ƙarami ne zai yanke maka a tsakiyar hanya karaban ta tokare ƙofar maƙwabci. Ka gwada lambar da ke takardar injin da ta batirin kafin ka biya. Sannan ka auna akwatin batirin da ke jikin karaban da tef, tsawo da faɗi da tsayi, kar ka yarda da ido.

Sanyi fa? An ce baya son hunturu.

Bayarwa yana bayarwa har cikin sanyi mai tsanani, wajen 20 ƙasa da sifili. Karɓa ce matsalar. In ƙwayoyin sun kai sifili ko ƙasa aka tura musu caji, litiyam ɗin maimakon ya shige inda ya kamata sai ya kwanta a sama kamar ƙarfe, kuma wannan lahanin baya gyaruwa. Shi yasa dole BMS ya zama mai yanke caji a sanyi, wasu ma tun daga digiri 5 suke yankewa. Masu arha sosai wasunsu basu da wannan, ka karanta da kyau.

A ƙasar nan daga Disamba zuwa Fabrairu safiya mai ƙanƙara ba abin mamaki bane, kuma ranar da sama ta washe tas ita ce ta fi sanyi kuma ita ce sola ke farkawa da wuri ta fara turawa. In batirinka a cikin ɗaki yake kana kunna hita ba damuwa. In a akwatin waje yake kamar na yawancin karaban, ka sayi mai hita a cikinsa, wanda ke amfani da wutar caja ya ɗumama kansa tukuna kafin ya fara karɓa.

Guda nawa zan saya, 100 ko 200 ko 300?

Kar ka tambayi mai shago, ka tambayi biro da takarda. Ka rubuta duk abin da kake kunnawa, am nawa yake ci, awa nawa a rana. Nawa lissafin a ranar sanyi: firji mai kwamfuresa wajen 40Ah, fankar hita 15 zuwa 20, wayoyi da laftof na yara 20, talabijin wajen 10, fitilu da famfo basu kai 10 ba. Kusan 95 zuwa 100 kenan. Da 200Ah ina kusan kwana biyu ba rana ba tafiya, kuma ni dama bana wuce kwana biyu ban motsa ba. In firjinka irin mai aiki da gas ne cire 40 ɗin nan, 100Ah ya ishe ka har da canji.

Mu dai mun san halinmu, in Malam wane ya saka 300 sai mun saka 400. Batirin da baka da hanyar cika shi kaya ne kawai kake yawo da shi.

Sola ba zata wadatar ba?

Da rani eh. Faranti mai 100W a watan Yuni yana iya baka 30Ah ko fiye a rana mai kyau dan rana bata faɗuwa sai bayan tara na dare. A Disamba kuwa rana na fitowa bayan takwas ta faɗi kafin huɗu, tana can ƙasa-ƙasa ga hadari, farantin da ke kwance a rufin mota in ya baka 5Ah ka gode Allah. Wanda ya saba da ranar Sakkwato sai ya yi haƙuri. Ka tabbata kwantirolar solarka tana da saitin litiyam, in zaka canja ka ɗauki irin da ake kira MPPT, ta fi tatsar wuta daga faranti.

Zan iya kunna butar lantarki da na'urar ɗumama abinci?

Zaka iya in ka shirya musu. Ka raba wat da 12 kaga am ɗin da za a ja, ka ƙara kaɗan na asarar inbata. Buta mai 2000W wajen 180A take ja daga batir. Ba yawan wutar bane matsala dan tafasa lita ɗaya bai fi 10Ah ba, ƙarfin ja ɗin ne: BMS mai 100A zai yanke nan take. Kana buƙatar mai 200A ko batir biyu a haɗe, da waya mai kaurin 50 ko 70mm², gajeriya, an matse kawunanta da injin matsewa ba da filaya ba. Ni na sayi ƙaramar buta mai 1000W na huta, tana ɗan jinkiri amma shayin sahur bai taɓa makara ba.

Fiyus kuma a kusa da kan batir mai alamar tarawa, iya kusancin da zai yiwu. Litiyam in waya ta haɗu yana iya sakin dubban am cikin ƙiftawar ido, ƙaramin fiyus na banza yana iya narkewa wutar ta ci gaba da tsallakawa, shi yasa ga manyan batira ake son irin Class T ko MRBF. In kana ɗaure kan batir ka cire agogo da zobe, ka naɗe sifana da tef.

Allon motata yana nuna batir cike kullum sai kawai ya mutu. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau, allon ne baya jin yarensa. Tsohon allo da ƙarfin wuta yake auna cika, shi kuwa litiyam daga kashi 90 har zuwa wajen 20 yana nan tsakanin 13.3 da 13.0V, wanda a wajen batirin ruwa cika ne maƙil. Ka sayi batir mai Bluetooth ka riƙa gani a waya, ko ka saka mita mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita irin SmartShunt. Ita ma sai kana cika batirin tam lokaci-lokaci take gyara lissafinta.

Zan iya barin tsohon na ruwa na ƙara litiyam a gefensa?

A'a. Kar ka haɗa su a layi ɗaya. In litiyam biyu zaka haɗa su zama iri ɗaya, girma ɗaya, ka cika kowanne daban kafin ka jona, wayoyinsu tsawo ɗaya. Batirin tada inji kuma ka barshi na ruwa yadda yake.

Maganar nauyi da gaske tana da wani amfani?

Sosai ma. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi a Birtaniya daga 1 ga Janairu 1997 lasisinsa na mota iyakarsa kilo 3,500, kuma yawancinmu da muka zo daga baya a nan muke. Motocin gida da yawa an yi musu rajista a daidai 3,500 ɗin, in ka cire nauyin motar kanta abin da ya rage maka kaɗan ne, ka zuba ruwa lita 100 kilo 100 kenan, ga gas ga mutane ga tukwanen Hajiya da buhun shinkafa. Kilo 30 da na samu daga canjin batir ba wasa bane. Ka je sikelin manyan motoci ka auna taka a cike sau ɗaya, zaka sha mamaki.

Nawa zan kashe, kuma wa bai kamata ya canja ba?

Farashi yana canjawa, kuma kusan duk ƙwayoyin daga Chaina suke, kamfanoni irin su EVE da CATL, masu suna a nan haɗawa suke su saka BMS da garanti. Abin da zan ce shine duk abin da ka gani a jikin batir kar ka ɗauka shine kuɗin aikin. DC-DC, watakila sabuwar caja, fiyus, waya, mita, ladan mai haɗawa, a wajena waɗannan sun kusa kamo kuɗin batirin kansa. Ka sayi wanda ke da ofis a ƙasar da zaka iya kira in ya samu matsala, garantin shekara goma daga mai sayarwar da ba adireshi takarda ce kawai.

Wanda kuma kullum a zango mai wuta yake sauka, ya jona soket ɗinsa mai 16A ya kwanta, sati biyu a shekara, wallahi ya riƙe kuɗinsa, batirin ruwa mai kyau ya ishe shi. Litiyam na wanda ke kwana inda ba soket ne, irin ƙananan gonakin nan na Caravan and Motorhome Club da basa ɗaukar fiye da mota biyar waɗanda wasunsu ba wuta, ko wuraren tsayawar motocin gida a garuruwan Faransa, ko mai fita da hunturu.

Inshora da garantin mota?

Ka kira inshora ka faɗa musu ka canja, ka nemi su rubuto maka. In motar ko karaban na cikin garanti ka tambayi dila kafin a taɓa waya ko ɗaya. Ka ajiye rasit da hoton aikin.

In zan ajiye motar wata uku ko huɗu fa, misali na tafi gida?

Ka barshi a wajen rabi zuwa kashi 60, ka kashe babban makunni. Shi kansa kashi 2 ko 3 yake zubarwa a wata, ɓarayin su ne ƙararrawa da na'urar bin sawu da rediyo masu tsotsa a ɓoye. Baya son a barshi jone da caja a cike wata da watanni, saɓanin na ruwa da ke son haka. In ya ƙare har BMS ya yi barci wasu cajojin basa ganinsa sam, sai an tashe shi da caja mai wannan aikin, kar ka barshi a haka ya daɗe.

Zan iya tahowa da irinsa gida na saka a inbata?

A jirgin fasinja a'a. Abin da ake bari ka riƙe a jakar hannu 100Wh ne, zuwa 160Wh in kamfanin jirgin ya amince, shi kuwa mai 100Ah ɗin nan 1,280Wh ne. Ko a kwantena sai an bayyana shi a matsayin kaya mai haɗari, kar ka cusa shi cikin katan ɗin atamfa ka yi shiru. Kuma ba ma buƙata, irinsa na nan a kasuwannin Kano da Kaduna da Abuja, har manya masu 48V da ake rataye wa a bango, mai 100Ah a cikinsu ya haura 5kWh. Ƙanina ya cire tubula huɗu masu 220Ah ya saka guda ɗaya, ya huta da zuba ruwan batir. Abin da na faɗa masa shine ya shiga saitin inbatar ya canja nau'in batir ya kashe saitin wankewar nan, in inbatar da batirin suna da wayar da suke magana da juna a jona ta. Can ba ruwanku da ƙanƙara, naku abokin gabar zafi ne, a watan Afrilu ɗakin da ke kallon yamma mai rufin kwano yana tsufar da batir da wuri, ku nema masa inuwa da iska.

Tsohon batirin ya zan yi da shi?

Kar ka sa a bola. Ka kai wurin karɓar shara na karamar hukuma, ko wajen masu sayen tsohon ƙarfe dan dalmar ciki kuɗi ce, zasu auna su baka 'yan fam. Ka ɗauke shi a tsaye cikin roba kar ruwan ya zube maka a but, yana cin kafet.